Yadda Ake Horar da Ido da Kunne Kafin Jarrabawar Turanci

Wata ranar Talata bayan la'asar, a ɗan ajin da nake koyar da masu shirin jarrabawa a cikin garin Bauchi, wata yarinya 'yar ajin ƙarshe na sakandare ta miƙo mini tsohuwar takardar WAEC, fuska a murtuke. Ta ce, "Malam, wallahi sau uku na karanta. Kusan duk kalmomin na san su, amma in ka ce in faɗi abin da ake nufi, ban sani ba." Na ce, "To ɗiyata, kife takardar, ki gaya mini da Hausa abin da ya zauna miki a ka, ko jimla ɗaya ce." Ta yi shiru, ta yi shiru, can ta ce, "Kamar dai maganar noma ce." Matanin kuwa kan zaizayar ƙasa yake bayani, da yadda sare itatuwa ke jawo ta.

Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Tana iya zayyano maka rabe-raben kalmomin Turanci ba gargada, kuma ta yi sauka tun tana aji uku. Abin da ya same ta shi ke samun yawancin yaranmu: shekara goma sha biyu ana ba su labarin Turanci, ba a bar su sun zauna da Turancin kansa ba. Ba ta taɓa karanta shafi biyar a jere don ra'ayin kanta ba, kunnenta kuma bai san wani Turanci ba sai na malamin aji, wanda rabinsa Hausa ce. Fahimta ba a haddace ta. Sabo ne, irin wanda ɗan makarantar allo ke yi da karatu, safe da yamma, har harshe da kunne su faɗa. Ga tsarin da nake ɗora ɗalibaina a kai. Ina cewa "kai" don sauƙin rubutu, amma har da ke nake.

Da farko, san abin da za a tambaye ka

Turancin WAEC takarda uku ne. Ta ɗaya tambayoyin canki-canka 80 cikin awa ɗaya. Ta biyu awa 2 ce, maki 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ka lura da wannan rabon, domin rabin makin takarda ta biyu kacokan a kan karatu yake, amma yara sun fi ɓata dare wajen haddar yadda ake buɗe wasiƙa. Ta uku gwajin furuci ce, tambaya 60 cikin minti 45. A Najeriya a rubuce ake yin ta, ba a kunna maka komai. 'Yan Gana da Gambiya da Saliyo su ake kunna wa magana su saurara. Kada wannan ya ruɗe ka ka ce ba ruwanka da sauraro. Wanda bai taɓa jin kalma a bakin mai ita ba, canka kawai zai yi. Tsarin NECO bai yi nisa da wannan ba.

JAMB kuwa a kwamfuta ake yi, tambaya 180 cikin awa 2, 60 daga ciki na Turanci, kuma ko likita kake so ka zama ko lauya, ko injiniya a ATBU, wato Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi, Turancin dole ne. In ka raba lokacin, sakan 40 ke faɗa wa kowace tambaya. Mai karatu yana bin kalma da yatsa ba zai kai labari ba.

Sai masu neman fita waje, musamman ma'aikatan jinya da masu neman tallafin karatu, waɗanda IELTS, jarrabawar auna iya Turanci ta ƙasa da ƙasa, ke gabansu. Nan sauraro sashe ne mai zaman kansa: kashi huɗu, tambaya 40, kimanin minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna maganar. Karatu ma tambaya 40 ne cikin awa ɗaya. Makin yana tsayawa a 9, hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya kuma tana neman 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu.

Hukumomin nan sukan taɓa tsarinsu lokaci-lokaci, don haka ka sauko da manhajar bana daga shafinsu, ka buga ta a shagon kwamfuta, ka manna a bango.

Na biyu, auna kanka

Sayi tsofaffin tambayoyi, waɗanda kowa ke kira fas kweshin. Masu sayar da littattafai a kasuwar Wunti ba sa rasa su. Sayi kuma littafin rubutu mai shafi 60 ko 80. Wannan shi ne littafin kurakurai, kuma shi ne ya fi komai daraja a cikin kayan aikinka.

Ranar farko ka ɗauki matanin auna fahimta guda, ka saita agogon waya minti 30, ka amsa ba ƙamus, ba tambayar kowa. Sannan ka duba amsoshin. Duk wadda ka faɗi, rubuta dalili a littafin: ban san kalmar ba, ko na san kalmomin amma jimlar ta ɗaure mini kai, ko ban karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ya ƙare. Ciwo huɗu ne daban-daban, kowanne da maganinsa. Bayan haka ka karanta wani shafi na minti ɗaya cif, ka ƙirga kalmomin da ka ci, ka rubuta adadin da kwanan wata. Duk ƙarshen mako za ka sake. Ba da kowa kake tsere ba sai da adadin makon jiya.

Na uku, karatun kullum

Minti ashirin kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi. Ni bayan sallar asuba nake so, kafin gida ya tashi, kafin a fara aike. Da sanyin safiya ake kama fara.

Me za ka karanta? Abin da ka fahimci akasarinsa. Idan a shafi ɗaya ka tsinci kalmomin da ba ka sani ba sun haura goma, shafin ya fi ƙarfinka a yanzu, ajiye shi ka nemi mai sauƙi, ba abin kunya ba ne ko da littafin 'yan ƙaramar sakandare ne. Wata dabara da na ga tana aiki ƙwarai: Aminiya da Daily Trust gida ɗaya ke buga su, kuma sau da yawa labari ɗaya yakan fito a duka biyun. Karanta na Hausa tukuna, ka san wa ya yi me, a ina, sannan ka buɗe na Turanci. Tunda ka riga ka san zancen, sai ka ga baƙin kalmomin suna bayyana kansu. Bayan mako biyu ko uku sai ka juya: Turanci a gaba, Hausa don tabbatarwa. Daga nan ka koma shafin ra'ayin jarida da sharhin marubuta, domin matanin jarrabawa ya fi kama da su fiye da labarin hatsarin mota. Littafin labarin da JAMB ke sanyawa kuwa ka karanta shi da kanka daga bango zuwa bango, kada ka dogara da 'yar taƙaitawar da ake yawo da ita a WhatsApp.

Yanzu ga yadda ake karatun. Sauke yatsa daga kan layi, ka kuma hana leɓɓanka motsi. Mun taso da karatu a bayyane, kuma yana da ranarsa, zan zo kansa. Amma a ɗakin jarrabawa ido ya fi baki sauri nesa ba kusa ba. Koya wa idonka ɗibar kalmomi dunƙule-dunƙule. Ɗauki wannan jimla: The farmers who had lost their land moved to the city in search of work. Dunƙule uku ne: manoman da suka rasa gonakinsu, sun koma birni, neman aiki. Mai bin kalma ɗaya-ɗaya kafin ya isa moved ya manta su wa ake magana a kai. Duk jimlar da ta yi maka tsawo, tambayi kanka abu biyu: wa ya yi, me ya yi? In ka kama waɗannan, saura kayan ado ne.

Kada ka tsaya wa kowace baƙuwar kalma. Ja mata layi da fensir ka wuce. Sau da yawa jimlar gaba za ta tona asirinta. Sai ka gama sakin layin sannan ka yi hasashen ma'anarta, ka rubuta hasashen, sannan ka buɗe ƙamus ka ga ko ka dace. Wannan hasashen shi ne ainihin abin da ake gwadawa a jarrabawa, inda ba ƙamus. Kuma ƙamus na Turanci zuwa Turanci, irin na masu koyo da Oxford ko Longman ko Cambridge ke bugawa, ya fi maka amfani a wannan matakin. Kalma biyar a rana ta isa, amma kowacce da jimlar da ka tsince ta a ciki. Kalmar da aka rubuta ita kaɗai a jeri kamar bunsurun da aka saya ba igiya ce, kafin gari ya waye ta tsere.

Akwai wasu 'yan kalmomi da nake ce wa 'yan sandan hanya, domin su ke nuna inda marubuci zai karkata. However da but da although da yet, su ne "amma" da "sai dai" da "duk da haka" namu. Abin da ya biyo bayansu galibi shi ne ra'ayin marubucin na gaskiya, abin da ya gabata shimfiɗa ce. Therefore da thus da as a result suna kawo sakamako. For example da such as suna cewa misali ne ke tafe, ba sabon batu ba. Moreover da furthermore kuwa "bugu da ƙari" ne, wato ga wata hujjar. Zagaye su da fensir duk inda ka gan su, har idonka ya riƙa tsinto su da kansa.

Wakilin suna ma yana kayar da yara. A Hausa mota "ita" ce, tebur "shi" ne, sai jinsin ya taimake ka ka gane abin da ake nufi. Turanci kuwa it ɗaya yake jibga wa duka. Duk inda ka ga it ko they ko this ko which, ja kibiya zuwa abin da yake wakilta.

Sai babban aikin, wanda na sa yarinyar nan ranar farko. In ka gama sakin layi, kife littafin, ka faɗi abin da ya ƙunsa cikin jimla ɗaya da Hausa. Na san akwai malaman da za su ce ina ɓata yara da "banakula". Ni dai abin da na gani shi ne, yaro yana iya maimaita jimlar Turanci kamar aku ba tare da ya gane ta ba, amma ba ya iya juya ta zuwa Hausa sai ya gane. In ka saba, sai ka koma rubuta jimlar da Turancinka mai sauƙi a gefen shafi. Ka ga ka fara koyon taƙaitawa ke nan ba ka sani ba.

Na huɗu, yadda ake amsawa

A auna fahimta na WAEC, karanta matanin sau ɗaya da sauri don ka san inda ya dosa, karanta tambayoyin, sannan ka dawo a natse kana neman amsa. Tambayoyin galibi suna bin tsarin matanin ne, ta farko a sama, ta ƙarshe a ƙasa. Amsa daga matanin take fitowa, ba daga abin da ka sani a gida ba. In marubucin ya ce abu kaza ke kawo zazzaɓi, shi za ka rubuta ko da malamin kimiyya ya faɗa maka wani abin daban. Kada ka ba da amsa biyu a inda aka nemi ɗaya da nufin mai maki ya zaɓa, domin in ɗaya ba daidai ba ce, duka ka rasa.

Tambayar maye gurbin kalma tana da tarko. Ba ma'ana kaɗai ake so ba, kalmar da ka kawo sai ta shiga gurbin ta zauna daram. In an ba ka abandoned, to deserted ce amsa, ba desert ba. Aikatau da aikatau, sifa da sifa, jam'i da jam'i, lokaci da lokaci. Cire tasu, sa taka, karanta jimlar a zuci. In ta yi tuntuɓe, sake.

Tambayar sunan nahawu da aikinsa kusan kowace shekara tana zuwa, kuma maki ne na banza ga wanda ya yi atisaye. Abu na farko, akwai aikatau mai nuna lokaci a cikin guntun da aka ja wa layi? In akwai, ganga ce, wato clause. In babu, yankin jimla ne, wato phrase. Na biyu, wane aiki yake yi? When the rains came, alal misali, adverbial clause ce, tana bayani kan aikataun babbar jimla, kuma dole ka ambaci aikataun da sunansa. Ka tattaro irin wannan tambaya ta shekara goma a jere ka amsa, za ka ga 'yan kaɗan ne suke ta juyawa.

Taƙaitawa ita ce ta fi cin yara. Matanin yakan kai kalma 500, a ce maka ka kawo dalilai ko hanyoyi a jimla kaza, kowanne jimla ɗaya. Abu uku ke cinye maki: kwafo jimlar marubuci ɗungurungum, rubuta guntun magana da ba cikakkiyar jimla ba, da cusa misalai da bayanan da ba a nema ba. Nemo jimlar da ke ɗauke da batun kowane sakin layi, yawanci tana farko ko tana bin ɗaya daga cikin 'yan sandan hanyar nan. Tankaɗe ta kamar gari a rariya, misalai da lambobi da kwalliya su tsaya a sama. Abin da ya sauka, faɗe shi da kalmominka, gajere, da mai aikatawa da aikatau. Jimla mai kalma takwas da ba kuskure ta fi mai kalma talatin da ke ɗingishi.

Na biyar, kunne

Ni kaina na sha kunya a nan. Ina da digirina a hannu, ina koyar da Turanci, aka tura mu wani taron bita inda wata Baturiyar Ingila ta yi jawabi. Minti goma na farko in ce na tsinci rabi, na yi ƙarya. Da aka raba mana takardar jawabin, babu kalma ɗaya da ban sani ba. Idona ya san su, kunnena bai taɓa gamuwa da su ba. Mai harshen ba ya furta kalma ɗaya-ɗaya yadda muke yi a aji. Yana haɗiye ƙananan kalmomi irin su of da to da and da can, yana manne wasu da wasu, a lot of ta koma kamar kalma guda, Baturen Ingila kuma ba ya furta r ɗin ƙarshen car ko farmer.

Fara da Turancin gida. Gidajen rediyon garin nan irin su BRC da Globe FM suna karanta labarai da Hausa da Turanci, ga labaran NTA na ƙarfe 9 na dare. Dabarar jaridar nan ita ce a nan ma: ji labaran duniya a sashen Hausa na BBC, sannan ka nemi na Turanci. In kana son jin Turanci a natse, tsaf-tsaf, nemi jawaban Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a YouTube, na ranar samun 'yanci, 1 ga Oktoba 1960, da wanda ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a cikin watan. Malamin makaranta ne kafin siyasa, Bahaushen kunne irin naka, ga kabarinsa nan cikin gari muna wucewa kullum a keke napep, kuma ba banza aka yi masa laƙabi da Muryar Zinare ta Afirka ba. Sai dai Turancin taro ne na wancan zamani. A jarrabawa ba wanda zai yi maka magana da wannan natsuwar. Don haka daga nan ka hau shirye-shiryen BBC Learning English, musamman 6 Minute English, wanda hira ce ta minti shida kuma akwai rubutunta. Na VOA Learning English a hankali ake karanta su da kalmomi masu sauƙi, su za su saba maka da harshen Amurka.

Kada ka ce data. Sauko da guda goma lokaci ɗaya da garaɓasar dare, ka zuba a memori, ku rarraba da abokai ta Xender. Murya kaɗai ba ta cin data kamar bidiyo, ba ta kuma cin caji, ga wanda wuta ba ta zama a unguwarsu.

Kowane shiri sau uku za ka ji shi. Ji na farko ba tsayawa, ba rubutu a gabanka: su wa ke magana, a kan me? Faɗa da Hausa. Ji na biyu da biro, kana kama sunaye, lambobi, ranaku, dalilai. Ji na uku ne kaɗai za ka buɗe rubutun kana bi da ido, kana ja wa duk inda kunnenka ya zame layi. Wanda ya fara da rubutu a gabansa, ko yake kallon fim da fassara a ƙasa, karatu yake yi yana zaton sauraro ne.

Sau biyu a mako ka yi shifta, irin wadda aka yi mana a firamare. Ɗauki sakan talatin kacal, kunna jimla, tsayar, rubuta, har ka gama, sannan ka gwada da rubutun asali. Aiki ne mai gajiyarwa, amma shi ke fallasa ramin da ke kunnenka: za ka ga s ɗin jam'i da ed ɗin ƙarshen aikatau da ƙananan kalmomi duk sun zube a hanya. In ya yi sauri, YouTube yana bari a rage gudu zuwa 0.75; yi haka mako ɗaya ko biyu ka dawo daidai, kada ka zauna a can.

Sai biyawa. Wannan ba sai na koya wa wanda ya yi makarantar allo ba: malam ya faɗa, ka maimaita, da muryarsa, da inda ya ja, da inda ya tsaya. Haka za ka yi wa mai magana a wayarka. Naɗi muryarka ka saurara. Za ka ji haushi ranar farko, kowa ma haka ya ji.

Akwai wuraren da harshenmu ke yi mana ƙafar ungulu, gara ka san su. Turanci yana da sautuka 44, baƙaƙe 24, wasula 20, alhali mu wasulanmu biyar ne, gajeru da dogaye, sai ai da au. Ba mu da p daban da f, shi ya sa pull da full, copy da coffee suke zame mana abu guda. Riƙe 'yar takarda a gaban baki: a p leɓɓa suna rufewa su fashe, takardar ta motsa, a f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Haka v da b a vote da boat, haka th a think da ke komawa sink ko tink. Kuma Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa bread ta zama burodi, brush ta zama buroshi, block ta zama bulo. A kasuwa daidai ne, a takarda ta uku asara ce. Amma muna da riba ɗaya: wanda ya san bambancin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, ba zai sha wuyar raba ship da sheep, ko live da leave ba.

Harshenmu na karin sauti ne, Turanci kuwa na danna gaɓa. Record in suna ce a gaɓar farko ake dannawa, in aikatau ce a ta biyu. Kalmomin da suka ƙare da tion ko ic, gaɓar da ke gab da ƙarshen ake dannawa, kamar education da economic. Buɗe shafi a littafin kurakurai don haruffan da ba a furtawa: b a debt da comb, t a listen da castle, w a sword, p a receipt. Wani shafin don ed, wadda ke fita t a walked, d a begged, id a wanted. Ƙamus ɗin Cambridge na intanet yana furta kowace kalma da harshen Ingila da na Amurka. Duk sabuwar kalma, ji ta kafin ka rubuta ta. Tambayar da ake rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe kuwa sauƙi gare ta: in an ce My brother bought a RED car, amsar ita ce zaɓin da ya saɓa wa kalmar, wato mai tambayar ko shuɗiya ya saya.

Mai shirin IELTS ya ƙara da waɗannan. Karanta tambayoyin kafin a fara magana, ka san ko lamba ake nema ko suna ko rana. Mai maganar yakan faɗi abu ya janye, ya ce Talata, a'a, Alhamis. Ta ƙarshe ce amsa. Yi atisayen jin thirteen da thirty, da haruffan da ake jerowa ɗaya-ɗaya, musamman A da E da I, da G da J. Kuskuren harafi ɗaya yana kashe amsa, haka wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade. In tambaya ta kuɓuce, bar ta, in ka bi ta sai ka rasa uku. A karatu kuma, akwai tambayoyin da ake zaɓar True ko False ko Not Given: False na nufin matanin ya faɗi akasin maganar, Not Given na nufin bai ce komai a kai ba, kome yadda hankalinka ya ba ka.

Yadda za ka jera makonka

Karatu minti ashirin bayan asuba, sauraro minti goma sha biyar da yamma ko bayan isha'i. 'Yan mata da aikin gida ya yi wa yawa, sa iyafis a kunne lokacin wanke-wanke ko tsintar shinkafa ya wadatar wa ji na farko, amma shifta sai an zauna. Iyaye kuma, don Allah, in kun ga yarinya da waya a kunne tana maimaita Turanci ita kaɗai, ku tambaya tukuna kafin faɗa.

Ranar Asabar ku haɗu ku uku ko huɗu, kada ku wuce haka, in ba haka ba hira za ta ci zaman. Ku amsa matani ɗaya da agogo, ku yi musayar takardu ku yi wa juna maki, duk wanda ya ce amsarsa ce daidai ya nuna layin da ya samo ta. Wannan gardamar ta fi darasin awa biyu. Ranar Lahadi ta littafin kurakurai ce kaɗai, muraja'a, ba sabon karatu.

Wata uku kafin jarrabawa shi ne mafi ƙarancin abin da nake so. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai JAMB ya tabbata ya zauna gaban kwamfuta ta gaske sau da yawa, a cibiyar gwaji ko shagon intanet, domin karatu a allon kwamfuta daban yake da na takarda, ba fensir, ba jan layi. Ya saba da maɓallan A, B, C, D na amsa, da N na gaba, da P na komawa baya, ya kuma yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa in da hali. A ranar, in matani ya cije, ya tsallake zuwa gajerun tambayoyi ya dawo daga baya.

Makonni biyun ƙarshe, kowace kwana biyu ka zauna cikakkiyar takarda ta biyu ta WAEC, awa 2 ba tashi, waya a kashe: minti 50 insha'i, 30 auna fahimta, 40 taƙaitawa. Ka riƙa tsakuro minti biyar daga ciki don bin amsoshinka da biro, kana duba lambar kowace tambaya, da s ɗin jam'i, da ko kowace jimlar taƙaitawa tana da aikatau.